Jinkar Rumbu

Ina cikin maimai a gonar bayan gida, gero ya kai gwiwa, sai na hango wani ya kafe babur a gindin kuka ya nufo ni yana tattare ƙafar wando. Sai da ya matso na gane shi. Abokin aikin ɗana ne, wanda suke harkar ɗaukar fim tare a Kano. Rabona da shi tun ranar sadakar ukun ɗan nawa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙara yi mini gaisuwar rashi, sannan ya ce:

"Baba, fim ɗin nan na rumbu an zaɓe shi. Za a nuna shi a ƙasar Turawa, a wani babban taro da ake kawo finafinai daga ko'ina cikin duniya. Marigayi suka aiko wa gayyata. Na gaya musu abin da ya faru, suka ce to a zo da mai rumbun."

Na ce, "Wane ne mai rumbun?"

Ya ce, "Kai mana, Baba."

Na ce ya shiga gida ya sha ruwa. Na duƙa na ƙarasa layin da na ɗauko, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba in na ajiye fartanya.

Yaron ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya jan sa a jiki, ba ya yabonsa a gaban mutane. Haka aka yi mini, haka na yi masa. Shekara talatin da ɗaya ina ce masa "kai", in zan yi maganarsa da wani in ce "yaron nan". Ko a nan ba zan rubuta sunan ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, kuma na gaji ginin rumbun ƙasa a wajen mahaifina. Yanzu kowa ya koma buhu da ɗakin kwano, masu sa a gina musu sun yi kaɗan. A ranin da ya rasu ne na ce bari in gina wa gidana guda. Da ya ji labari sai ga shi da kyamara. Kwana goma sha tara yana biye da ni. Ina jera duwatsun gindi yana ɗauka, ina kwaɓa laka da ciyawa yana ɗauka. Rumbun ƙasa ba a yi masa gaggawa, kullum kamu ɗaya ake ɗorawa a bar shi ya sha iska, don ɗanye ba ya ɗaukar ɗanye. Shi kuwa ko gajiya ba ya yi. Abin ya riƙa ci mini rai. Ga ƙato da ƙarfinsa, maimakon ya miƙo mini curin laka, ya tsaya yana leƙena ta cikin gilashi.

Ranar da na gama shafe, jinka kaɗai ta rage. Na riga na yi ta a ƙasa, na kuma gaya wa maƙwabta su zo da safe, don jinkar rumbu sai mutum takwas suke ɗaga ta. Da yamma ya zo ya tsuguna ya ce aiki ya taso masa a Kano, in yi haƙuri in jinkirta mako ɗaya, yana so ya ɗauki ɗorawar.

Na ce, "Rumbu ba ya jiran mai hoto. Gobe za a ɗora. Kai dai je ka nuna wa duniya ubanka cikin taɓo, su yi dariya."

Ya tashi ya ɗauki kyamararsa. Da sassafe ya shiga motar Kano. Yana fita na aika wa maƙwabta cewa an ɗage aikin zuwa wata rana. Na ce wa mahaifiyarsa kada ta gaya masa a waya, ya zo ya gani da idonsa. Mako ya wuce bai zo ba, ni kuma uba ba ya ɗaukar waya ya ce wa ɗan fari zo ina jiranka. A mako na bakwai zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi. Allah Ya karɓi abinSa. Da hadari ya fara haɗowa na sayo tampol na lulluɓe rumbun na ɗaure da igiya, na jingine jinkar a bayan ɗaki.

Da farko na ce ba za ni ba. Mahaifiyarsa tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, kai ka ce zai nuna ka cikin taɓo a yi dariya. To ka je ka gani ko haka ya yi." Abokin nasa ya ce zai iya nuna mini fim ɗin a kwamfuta tun a gida. Na ce a'a, inda ya aika shi, can zan gan shi.

Sai bayan an yanke dawa muka tashi, ni da abokin nasa. Ban taɓa shiga jirgi ba, ban sami zuwa Makka ba tukuna. Da muka keta gajimare na ga shi a ƙarƙashinmu shimfiɗe kamar an baza auduga, na yi ta tasbihi. Shekara sittin ina ɗaga kai ina roƙon abin nan ya zubo, yau ga ni ina kallon bayansa.

Sunan birnin har yau harshena bai iya shi ba. A bakin teku yake. Wadda aka turo ta tarye mu ta zama tafintata wata dattijuwa ce, Badamagariya, ta shekara ashirin tana aikin jinya a can. Tana jin daga inda na fito ta tafa hannu.

"Lale da Bakano! Me aka kawo mana na sayarwa? Na san dai ba ku tafiya hannu sake."

Na ce, "Hajiya, ashe har nan gudu ya kawo ku? Mun daɗe muna cigiyar bayinmu."

Ta ce, "Ji shi! Sanyi na kaɗa masa haƙora, bakin bai mutu ba. Ungo, sa wannan, kada ka mace mini a hannu a ce Damagaram ta ci amana."

Ta miƙo mini wata rigar sanyi mai nauyi, ta mijinta. Na ɗora a kan babbar riga. Na yi dariya, kuma na lura rabona da dariya tun rani.

Kwana biyu suka rage kafin ranar fim ɗinmu, sai Hajiya ta ce ba za ta bar mu mu kwanta a masauki kamar kayan wanki ba. Ta zaga da mu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ruwa. Mu da muke haƙa rijiya gaba goma sha biyar kafin mu ga danshi, ga mutane sun yi tituna da ruwa. Gidaje masu hawa biyar, ƙafafunsu tsundum a ciki, sun fi kakan kakana shekaru, ba su zaizaye ba. Na tsuguna a bakin wata gada na daɗe ina duban inda bango ya haɗu da ruwan, ina neman tsaga, ban samu ba. Muna tsaye aka kaɗa ƙararrawa, motoci suka tsaya, gadar da ke gabanmu ta rabe biyu ta miƙe tsaye, jirgin ruwa ya wuce, ta koma ta kwanta. Babu wanda ya ko waiga. Wata tsohuwa da ta girme ni tana kan keke tana cin burodi, tana jira a buɗe hanya.

Ranarsu kuwa kamar mai jin kunyar fitowa. Ba ta hawa tsakiyar sama, sai ta bi gefe-gefe ta koma. Na yi azahar, ban gama lazimi ba abokin ɗana ya duba waya ya ce la'asar ta yi, kafin in motsa ga magariba. Na ce Hajiya, ku nan azumi ai wasa ne. Ta ce, "Ka dawo da bazararsu, ka ga rana ta ƙi faɗuwa, sai ka nemi hanyar Kano a ƙafa."

Ta kai mu wani dogon bene, aka sa mu cikin ɗan ɗaki ya yi sama da mu har kunnena ya toshe. Daga can ta nuna mini teku, ta nuna mini gonaki. Ta ce in duba da kyau. Na duba. Tekun ya fi gonakin tudu. Wani dogon bango na ƙasa ne kawai a tsakaninsu, shanu na kiwo a gindinsa hankali kwance, ruwa yana bisa kansu. Na ce, "Wa ya gina?" Ta ce kakanninsu suka fara, 'ya'ya suka ɗora, har yau ana ɗorawa. Na san irin wannan aikin, ban dai taɓa ganin mai girmansa ba. A tashar jiragen ruwa kuma na ga ƙarafa masu dogon wuya suna ɗaukar akwatuna, kowane ya kai ɗaki, suna jerawa kamar mace na jera kwalla. Na nemi mutanen da ke aikin, da ƙyar na hango ɗaya, ɗan mitsitsi, cikin gilashi a can sama.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa zuwa wani ƙauye a bayan gari. Nan na ga abin da ban zata ba: gidajen masu hali, da mota biyu a ƙofa, amma rufin ciyawa. Hajiya ta ce sai mai kuɗi ke iya yin sa. Muka tarar da wani a kan tsani yana aikin. Na tsaya, suka yi gaba, suka dawo suka same ni. Kaurin rufin ya kai kamu guda, an daddatse bakinsa sumul kamar an aske. Mutumin ya ga na ƙi tafiya, ya sauko. Hajiya ta gaya masa sana'ata. Ya kama hannuna ya juya, ya buɗe nasa kusa da shi, muka yi dariya, don kantar hannuwanmu iri ɗaya ce. Ya ba ni wani katako mai faɗi da yake buga ciyawar da shi, na jijjiga na ji nauyinsa. Na tambaya mutum nawa ke ɗaga musu jinka. Ya ce su a sama suke yin ta. Da aka gaya masa mu a ƙasa muke gamawa, maƙwabta su taru su ɗaga a ɗora, sai ya ce namu ya fi, don shi wuni yake shi kaɗai ba mai ce masa sannu. Ya tambaya yaushe na ɗora ta ƙarshe. Na ce wa Hajiya sanyi ya dame ni, mu tafi.

Wajen taron kansa wani gari ne. An rataya mini kati mai hotona a wuya kamar laya. Mutane baƙaƙe da farare da jajaye, kowa da yarensa, suna layi cikin yayyafi don su shiga kallo. A da ina ɗaukar fim wasan yara ne da marasa aikin yi. Ga masu furfura da sanduna suna rubutu a littafi in an fito. Na kalli wani fim na mutanen ƙasar ƙanƙara da ke kiwon wasu dabbobi masu ƙaho kamar reshen itace. Ban ji kalma ɗaya ba, amma da tsohon ya duƙa yana duba kofaton wadda ke ɗingishi, na san abin da ke ransa.

A bangon babban zauren na ga hoton rumbuna, ya fi ni tsawo. A ƙarƙashinsa an rubuta sunan yaron da manyan baƙaƙe, da nawa a bayansa. Iyakata aji shida, amma wannan na iya karantawa. Na karanta a zuci, na kau da kai.

Da la'asar aka nuna namu. Zauren ya cika har sama, kujeru hawa-hawa. Aka zaunar da ni a tsakiya, Hajiya a dama, abokinsa a hagu. Aka kashe fitilu. Na riƙe carbi, na ce ko me za su yi wa dariya, na riga na zo.

Kafin hoto ya fito sauti ya riga shi. Kukan kurciya, da dakan mahaifiyarsa. Na san dakanta cikin dubu, tana yin uku ta ɗan tsaya. Sai ga bayan gidana a kan allo mai girman bangon masallacin Juma'a. Sai ga hannuwa. Kowane yatsa ya kai mutum. Suna murza laka, suna ɗorawa, babban yatsa yana bi yana dannewa, yana komowa ya shafe. Na ɗan jima kafin in yarda nawa ne, don hannun mahaifina na gani, har yadda yake karkata ɗan ƙaramin yatsa. Ban san ina yi ba. Yaron bai yi gaggawa ba, bai sa kiɗa ba. Ya bar kowane kamu ya hau kamar yadda ya hau. Ya ɗauki inda nake kara kunne a jikin gini ina ƙwanƙwasawa in ji ko ya bushe. Ya ɗauki inda nake wanke hannu in yi alwala. Ɗaruruwan mutane suna zaune, ko tari babu.

Sau ɗaya suka yi dariya. Akuya ce ta taka mini kwaɓi, na bi ta da faifai ina ce mata 'yar banza mara gado. Ni ma na yi.

Aikin ƙarshe a rumbun ƙasa daga ciki ake yin sa. Magini yana ciki yana shafe, bakin yana tsukewa a kansa, in ya gama ba ya iya fita sai wani ya hau tsani ya jawo shi. Ni na jawo mahaifina sau da yawa. A fim ɗin, yaron yana kan tsani yana leƙo ni, ga ni can ƙasa cikin duhu, fuska duk laka, na ɗago na ce, "Kai, ajiye abin nan ka ja ni." Hoton ya yi lilo, don ya saki kyamarar ta rataya a wuyansa. Sai hannunsa ya shigo.

Duk fim ɗin, nan kaɗai ya fito. Hannun dama, daga kafaɗa zuwa yatsu, ya kai gungumen kuka. Ga tabon lauje a ƙasan gwiwar hannun, wanda ya samu yana shekara tara, ranar da na fara kai shi yankan ciyawa. Hannuna ya miƙo daga ƙasa ya kama shi a wuyan hannu, nasa ya kama nawa. Na ji numfashinsa ya cika zauren. Na ji ya ce, "Bismillah, Baba. Na riƙe ka."

A ranar ban ji ya faɗi haka ba.

Hoton ƙarshe rumbun ne da yamma, ba rufi, jinkar tana zaune a ƙasa kusa da shi. Sai muryarsa, a hankali, kamar yadda yake magana in yana gabana:

"Gobe za a ɗora jinka, ni kuma zan koma Kano, ba zan gani ba. Babana ba ya barin aiki a rabi. Ginin ban iya ba. Wannan halin nake so in koya."

Aka kunna fitilu. Suka tashi tsaye suna tafi, suka daɗe. Ni dai ina zaune, sai da Hajiya ta taɓa hannun rigata ta ce, "Malam, kai suke jira." Wannan karon ba ta ce Bakano ba.

Aka kai ni gaba aka ba ni abin magana. Mai gabatarwa ta ce in faɗi wani abu game da ɗana. Ban taɓa yabonsa a gaban mutum biyu ba, balle wannan taro. Sai na faɗi abin da ake faɗa a wajenmu. Na ce yaron nan ya riga mu gidan gaskiya, duk wanda ya saɓa wa, da sani ko da kuskure, ya yafe masa.

Hajiya ta rage murya. "Malam, ai ba su san shi ba."

Na ce, "Sun wuni da shi yanzu. Ki dai faɗa."

Ta faɗa. Wani dattijo a layin gaba ya cire hularsa.

Daga nan aka ba mutane dama su yi tambaya. Wani ya tambayi irin ƙasar, wani ya tambayi shekara nawa rumbu ke yi. Na amsa, waɗannan ba su da wuya. Sai wata mata mai farin gashi ta miƙe ta ce ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne ba ta ga rumbun da rufinsa ba. Ta ce yaya ya yi da aka ɗora, ya yi kyau?

Da na ce ya yi kyau, da an wuce wajen. Na ce, "Ba a ɗora ba."

Hajiya ta dube ni. Na ce ta faɗa yadda na faɗa. Matar ta ce, me ya hana?

Na ce, "Ya ce in jira shi. Na jira. Ban gaya masa ba."

Hajiya sai da ta gyara mayafi sannan ta juya musu maganar da yarensu. Abokin yaron, da ke tsaye a gefena, ya sunkuyar da kai. Duk zuwan da ya yi gidana yana ganin tampol, ya ɗauka don ruwa na ƙara a kan jinka. Ba a sake tambaya ba. Da muka fito mutane suka yi ta zuwa suna kama hannuna, ba sa cewa komai, su ɗan riƙe su saki. Na ga ashe su ma sun iya gaisuwar rashi.

Ranar da za mu taho na mayar wa Hajiya rigar mijinta. Ta ce, "Ka riƙe mana, ko ka sayar a Kano, na san hali." Na ce Allah Ya saka da alheri. Ta ce, "Malam, in ka koma ka kira mutanen nan takwas." Na ce in sha Allahu.

Na iso gida da hantsi. Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, mahaifiyarsa ta kawo mini fura ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ya nuna ka cikin taɓon?"

Na ce, "Ya nuna."

"Suka yi dariya?"

"Akuya suka yi wa."

Sannan ta ce, "Shi fa, ya fito?"

Na ce hannunsa ya fito. Ta ce wanne? Na ce mai tabon. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki ƙwaryar da ba a gama sha ba ta shiga ɗaki. Sai bayan kwana biyu na iya gaya mata abin da ya faɗa a ƙarshe.

Dawar bara a buhu muka zuba ta, ta bana ma haka. Gara ta ci gefen tsohuwar jinkar, na sayo sabon shuci a kasuwar Ɗanbatta na gyara ta, ta zauna daidai. Maƙwabta sun ce duk ranar da na shirya in aiko kawai. Sau biyu ina sa rana ina ɗagawa. Rumbun yana nan a bayan gida da tampol a kansa, har yau ban ɗora masa jinka ba.